Bahon da Bai Bushe Ba

"Taɓa shi in gani," in ji Inna Kubura.

"Ba a taɓa fenti, Inna."

"Busasshe ma? Ba kai ka ce ya bushe ba?"

Haliru ya dubi fentin. Yana tsugune a bakin bahon, ita kuma tana tsaye daga waje, gab da dokin ƙofar banɗakin, inda ta saba tsayawa. Tun washegarin jana'izar mijinta Alhaji ƙafarta ba ta sake ƙetare wurin nan ba. A tsohon makewayi na zana take wanka da bokiti.

"Na ce ka taɓa."

Ya sa ɗan yatsa a gefe, can inda ido ba zai kai ba. Da ya ɗago, fentin ya biyo shi, ya yi zare kamar miyar kuɓewa, sannan ya tsinke.

"To," in ji ta.

"Damina ce. Iska ba ta shiga ɗakin nan."

"Ran Juma'a ma damina ka ce."

"Zai bushe. Ko ina nan ko ba ni nan zai bushe. Ba ni nake hura masa iska ba."

"Ba haka munka yi da kai ba, Auta."

Ya goge yatsan a jikin bango. "Yau Sambo zai wuce, bayan azahar. Kin sani."

"Na sani. Allah shi kiyaye mishi hanya."

"Mai garejin nan na Kandi mutum ɗaya yake so. Ya ce wa Sambo in bai zo da ni wannan zuwan ba, kada ya ƙara yi masa maganata. Yana da ɗan ƙanwarsa da ke jira."

"Ni ban ɗaure ka ba. Ga ƙofa can a buɗe." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Abu guda na ce. Kada ka bar ni da abin nan rabi-rabi. Kai da bakinka ka ce za ka mai da shi fari, in zuba ruwa in shiga, sannan ka tahi da albarkata. Ka ce ko ba ka ce ba?"

"Na ce."

"To ni mi na ƙara a kai?"

"Yaya Namadi da zai koma Birnin Kebbi, fentin mi ya yi?"

"Namadi na da iyali."

"Ni kuma ina da baho."

Ta dube shi, kallon da ba faɗa a cikinsa, wanda ya fi faɗa ciwo. Sannan ta juya ta nufi madafa. Ya ji ƙarar murfin tukunya, ya ji tana korar kaji da muryar da ba ta saba korar su da ita ba.

Ya zauna a kan bokitin da ya kife. Ɗakin ba taga, sai wata 'yar kafa can sama kusa da rufi. Warin fentin ya riga ya zauna masa a maƙogwaro, har abinci ma ɗanɗanonsa yake yi masa.

Bahon ya girme shi. Alhaji Abbas ne ya ɗauko shi daga Kwatano a kan motar shinkafa, zamanin da kan iyaka ke buɗe, kasuwa na ci. Alhaji ya taɓa komai a lokacin: shinkafa, gwanjo, batir, har fentin da masu jiragen ruwa na Lolo ke zuwa saye. Ɗakin ajiyar kayan a cikin gida yake, mabuɗinsa a haɓar zanen Inna. Bahon na ƙarfe ne mai nauyin tsiya, an dalaye cikinsa da fari kamar tangaran. Ƙartin unguwa ne suka taru suka sauke shi. Da aka rasa ƙofar da zai shiga, sai Alhaji ya ce a ajiye shi a fili, a gina ɗaki a kewaye shi. Haka aka yi. Maginin kuma ya tsuke ƙofar. Tun daga ranar duk Bagudo ta san bahon Alhaji Abbas ba zai fita ba sai an rushe bango.

Kawunan famfo biyu ne a jikinsa, masu ƙyalli. Ba wanda ya taɓa ɗigar da ruwa, don ba a taɓa ja masa bututu ba. Da bokiti ake cika shi, ran Juma'a, Alhaji ya shiga ya miƙe ƙafa kamar gwamna.

Sai aka rufe kan iyaka. Shago ya tsuke, ya koma tebur, teburin ma ya tafi. A shekarar da Haliru ya gama sakandare, Alhaji ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa ya shanye. Asibiti suka yi nasu suka sallamo shi. Wani mai magani daga Bahindi ya ce a riƙa dafa sassaƙen maɗaci da bagaruwa, a jiƙa shi a ciki safe da yamma. Namadi yana aiki a Birnin Kebbi. Yayarsa Zakiyya tana aure a Kamba. Saura auta.

Shi ne ɗibar ruwa, shi ne hura wuta, shi ne goyo. Yakan durƙusa a bakin gado, Inna ta ɗora masa uban a baya, ya bi ta tsukakkiyar ƙofar nan a kaikaice don kada gwiwar tsohon ta bugi katako. Sakamakon jarrabawarsa ya fito, ya je ya karɓo, ya ajiye. Abokansa wasu suka wuce makaranta, wasu suka hau babur da jarkokin fetur suka bi daji. Shi yana nan yana gwada zafin ruwa da gwiwar hannu. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa, ta sake wucewa. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ba wanda ya tambaye shi.

Bagaruwa dai ita ce majema ke jeme fata da ita. Ta ci farin bahon. Ta bar zobe ja mai duhu daidai inda ruwa ke tsayawa, ƙasa duk ya rine. Amma a gangaren da Alhaji ke jingina, wurin bai rinu sosai ba. Ya bar siffa: faɗin baya, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka, da ɗan da'irar ƙeya. Washegarin jana'iza Inna ta shiga ɗaukar buta, ta gani, ta fito ba butar.

Da ta fita takaba, Haliru ya kawo maganar Kandi, can ƙetaren iyaka. Sambo, abokinsa tun firamare, ɗan kabu-kabu mai ƙetarawa da mutane ta Tsamiya zuwa Segbana, shi ya samo masa wurin: garejin manyan motocin auduga, a koyi aiki, a ci a kwana. Inna ta saurara har ya gama. Sannan ta ce, "Ka fidda mini ubanka daga cikin abin can tukuna."

Ya gwada toka. Ya gwada kanwa da lemun tsami, ya gwada yashin gulbi da soson ƙarfe. Tabon ya yi kamar da shi aka ƙera bahon. Daga ƙarshe Sambo ya ce akwai wani fenti a Segbana da ko ruwa ya kwana a kansa ba ya tashi. Ya kawo ranar da Haliru ya je gona, ya bar wa Inna. Da ya dawo ta miƙo masa gwangwani. Rubutun jikinsa duk Faransanci ne, ba abin da ya gane sai wani ƙaton A a tsakiya. Ya ce a ransa, to, mai daraja ta ɗaya ke nan. Shi da bai taɓa ganin A a takardarsa ba, ga shi ya same ta a gwangwani.

Ya bi bahon da samfefa har fatar yatsunsa ta saɓule. Ya wanke, ya bari ya sha iska, ya shafa. Ya sake shafawa har ya kwashe gwangwanin tas. Bahon ya fito fari fat, har yana ɗaukar ido a cikin duhun ɗakin. A daren ranar ya haɗa kayansa a jakar bakko.

Jakar tana nan bayan ƙofa tun lokacin.

Yanzu ya leƙa cikin bahon. Ruwan da aka yi shekaranjiya ya fito da ƙwarin shinge, sun shigo ta kafar sama, fukafukansu sun manne ko'ina a kan farin. A can ƙasa wata 'yar tsaka ce ta maƙale, ƙafafunta huɗu a cikin fenti, maƙogwaronta na bugawa. Ya sa tsinken tsintsiya ya ɗago ta a hankali. Ta fita, ta bar wutsiyarta tana motsi.

Ya ɗauki gwangwanin da ba komai a ciki, ya fice. Bai yi wa Inna sallama ba.

A tasha ya sami Sambo, zaune a kan bencin Mansura mai wake da shinkafa, ya tasa kwano a gaba. Babur ɗinsa na gefe, an riga an ɗaure masa buhu a baya.

"A'a, angon baho," in ji Sambo. "Amarya ta bushe?"

Haliru ya dangwara masa gwangwanin a kan benci. "Mi ka sayo mini?"

"Fenti."

"Wanga ba fenti ba ne. Kunun kanwa ma ya fi shi kama jiki."

"Kai dai ba ka iya shafawa ba. Mai shagon ya rantse mini, ya ce jirgin ruwa ake yi wa shi."

"Rantsuwar da wane yare?"

"Rabi Dandanci, rabi hannu." Sambo ya kai loma. "Zauna ka ci abinci, fuskarka kamar ta mai bin gawa."

Mansura ta miƙo hannu ta ɗauki gwangwanin, don ya tare mata wurin ajiye kwano. 'Yar Segbana ce, aure ya kawo ta Bagudo, ta yi makarantar Faransanci kafin a cire ta. Har za ta ajiye shi ƙasa, sai ta tsaya tana juya shi, tana motsa baki.

"Auta, ina ɗan'uwansa?"

"Wane?"

"Wannan A ne. Ina B?"

Haliru ya dubi Sambo. Sambo ya daina tauna.

"Ga shi nan an rubuta," in ji ta, ta ɗora farce a kan wasu ƙananan layuka. "A juye ƙaramin cikin babban, a gauraya sosai, sannan a shafa. Ƙaramin shi ke sa ya daskare."

"Wai ɗan ƙaramin nan?" in ji Sambo. "Ai gyara ce."

"Gyara?"

"Awo mana, gyara. Da na biya, sai na ga ya ɗauko wani ɗan mitsitsi ya ɗaure a jikin babban da roba. Na ce kai, mutumin nan na da kirki. Har godiya na yi mishi sau biyu."

Mansura ta saki ludayi, ta dafa cinya tana dariya har ɗankwalinta ya zame. "Gyara a shagon fenti. Gyaɗa ka saya, Sambo? Ko daddawa?"

"To ni na sani? Dut abin da anka ɗora maka a kan saye ba gyara ba ne?"

"Ni ban ga wani ƙarami ba," in ji Haliru.

"Na ba Inna. Su biyun, a ɗaure. Na ce mata ga fenti, ga gyara."

"Allah Sarki," in ji Mansura, tana share ido da bakin zane. "Ko shekara za ka yi kana jira ba zai bushe ba. A wajenmu masu gyaran jirgi uwa da ɗa suke ce masa. Uwar ita kaɗai ba ta kamawa."

Haliru ya ji maganar ta sauka a wani wuri da ya daɗe a rufe. Ba yau ya fara jin sunan nan ba. Ya ga tsakar gidansu kafin a rufe kan iyaka, kwalaye a tule. Ya ga Inna a kan tabarma, tana yanka tsohon tubun babur siri-siri, tana ɗaure gwangwanaye biyu-biyu, babba da ƙarami, kafin mutanen Lolo su zo ɗauka. Shi kuma yana ɗan yaro, ya saci ƙarami ɗaya yana gangara shi a ƙasa kamar mota. Ta buge masa hannu. Aje, ta ce. Ba a raba uwa da ɗa.

"Kai, lafiya?" in ji Sambo.

"In na samo ƙaramin," ya ce wa Mansura, "in shafa a kai?"

Ta sake duba gwangwanin, ta girgiza kai. "Tun a ciki ake haɗa su. Wannan da ka shafa ya tashi a banza. Sai ka goge shi duka, ka samo wata uwar."

"Da mi zan goge?"

"Fetur," in ji Sambo. Ya tashi, ya zare tiyo daga tankin babur, ya tsiyaya masa a gorar ruwa. Da ya miƙo, sai ya riƙe gorar bai saki ba. Ya rage murya. "Ji nan, mutumina. Bar shi. Baho ne fa. Ka zo mu tahi, in ka samu hutu ka sayo wani da hannunka, ka zo ka shafa mata. Uwa ba ta tsine wa ɗa a kan baho."

"Ba za ta tsine ba."

"To?"

"Shiru za ta yi."

Sambo ya saki gorar. "Ni dai ina sallame azahar zan ɗau hanya. Hadari na haɗuwa, in ruwa ya riga ni hanyar Tsamiya, sai dai in ɗauki babur a kai. Zan biyo ta ƙofarku. Ba zan kashe inji ba."

"Ka ci ko loma ɗaya," in ji Mansura. Ta daina dariyar.

Ya ce ya ƙoshi.

Ya bi ta bayan kasuwa don kada ya haɗu da kowa. Rana ta ɓuya, garin ya yi zufa. Ta gefensa babura na wucewa zuwa gadar Tuga, kowanne da kaya har ya fi mai shi tsawo. Tun yana aji uku yake kallon bayansu.

Ya sami Inna a inuwar rumfa, da faifai a cinya, tana gyaran wake. Ya yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya ajiye gorar fetur.

"Inna, gwangwani nawa Sambo ya kawo?"

Yatsunta suka ci gaba da tsince tsakuwa. Ta jefar da ɗaya, ta jefar da wata.

"Ya ce ƙaramin gyara ce."

"Yana ina?"

Ta ajiye faifan. Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta shiga ɗaki. Ya ji ta jawo akwatin ƙarfen Alhaji daga ƙarƙashin gado, wanda ya ɗauka ba a buɗe ba tun sadakar bakwai. Ta fito ta ajiye ɗan gwangwanin a kan tabarma, a tsakaninsu. Bai fi gwangwanin tumatir ba. Ga B a jikinsa. Robar da aka ɗaure su da ita tana maƙale a wuyansa, an yanke ta da wuƙa, yanka ɗaya, mai kyau.

"Ga shi," ta ce. "Ban taɓa shi ba."

Ta koma ta ɗauki faifanta. Ba ta tambaye shi amfanin me zai yi da shi ba.

Maganar ta zo masa har baki. Ya dubi hannayenta a cikin waken, suna tsince abin da babu. Akwai tambayar da ɗa ba ya yi wa uwarsa, ko da ya san amsar, balle in ya sani. Ya haɗiye. Ya ɗauki gorar da ɗan gwangwanin, ya yagi tsohuwar rigar makarantarsa da ke kan igiya, ya shiga banɗakin.

Ƙofar ta kumbura da damina, sai da ya sa kafaɗa. Ya durƙusa, ya jiƙa tsumma da fetur, ya goga a gefen bahon. Fentin ya narke nan take, kamar dama jira yake. Ya kwaranyo fari-fari, ya bi masa hannu har gwiwa. Shafa ɗaya, biyu, sai ga jan zoben ya leƙo. Ya matse tsumman a bokiti ya ci gaba. Aikin da ya ci masa fatar yatsu yana tafiya cikin sauƙin da ya ba shi haushi. Warin fetur da na fenti suka haɗu suka cika ɗakin, kansa ya fara sarawa, idonsa na ruwa. Bai buɗe ƙofar ba.

Bai yi niyyar fara gangaren ba. Hannunsa ne ya je can da kansa, don nan ya fi sani. Kafaɗar da ta sauka ta fara fitowa. Sai faɗin bayan. Sai ƙeyar.

Aka kira azahar. Ya fita ya goge hannuwansa da sauran fetur da yashi, don ruwan alwala ya sami fata. Ya yi salla a tsakar gida, bai je masallaci ba. Inna ta yi tata a ɗaki. Da ya sallame ya dubi jakar bakkon a bayan ƙofa, ya dubi sama. Gabas ta yi baƙi. Ya koma banɗakin, ya bar ƙofar a buɗe.

Yana cikin gogewa hasken ƙofar ya ragu. Ya ɗauka a inda ta saba za ta tsaya. Sai ya ji tafin ƙafarta a kan simintin ciki.

Ta daɗe tana kallon gangaren.

"Nan yake sa kai," ta ce.

"Awo."

"Kullum sai ya ce ruwan ya yi zahi."

"Ko da sanyi ne."

Ta yi wani ɗan sauti, kusa da dariya. Ta dafa bango.

"Namadi ya tahi, na ce Allah shi kiyaye. Zakiyya ta tahi, ni na kai ta har mota. Alhaji ma ya tahi." Ta sauke hannu daga bangon. "Gidan nan da dare, Auta, ko ƙarar kwano babu."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da goga wurin da ya riga ya fita.

"Ba ni tsumman."

"Zai ƙona miki hannu."

"Ba ni, na ce."

Ta karɓa. Ta kama bakin bahon da hannu ɗaya, ta fara sauka a hankali, gwiwoyinta suna ƙara, har ta kai ƙasa. Ta tsoma tsumman, ta goga. Ba ta da ƙarfin dannawa, sai dama fentin take yi, yana komawa inda ya fito.

"Tahi," ta ce, fuskarta a cikin bahon. "Na yafe maka alkawarin. Allah shi yi maka albarka, shi ba ka sa'ar maigida. Tashi, kada yaron mutane ya yi ta jira."

Abin da ya yi ta jira ke nan tun ranar da ya haɗa jaka. Ya miƙe. Ƙafafunsa sun yi tsami. Daga nan tsaye yana ganin bayan wuyanta, da ƙasusuwan kafaɗarta a ƙarƙashin riga. Warin ya shaƙe ta, ta yi tari, ta yi tari, ta nemi tashi. Ta dafa bakin bahon, hannun ya zame a kan ɗanyen fenti. Ta sake dafawa.

Kafin ya san abin da yake yi, ya riga ya durƙusa, ya juya mata baya, ya sauke kafaɗar dama, yadda ya saba. Jikinsa ya gama lissafin: ba ta kai Alhaji nauyi ba, ta ƙofar nan a kaikaice, a kula da gwiwa.

Ba ta hau ba. Ta dafa kafaɗar kawai ta miƙe, ta bar masa shaidar yatsu biyar farare a riga.

"Ƙafa ce ta yi mini barci," ta ce. "Ba komai ba ne. Tahi."

Suka tsaya su biyu a ɗakin da bai ishi mutum biyu ba. Bahon rabi fari, rabi Alhaji. Ɗan gwangwanin yana gefen bokiti, ba a fasa shi ba, ba kuma abin da za a juye shi a ciki.

A waje aka yi oda. Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida, injin na ci gaba da bugawa. Iskar hadari ta taso, ta kaɗa kwanon rufi, ta turo ƙofar banɗakin har ta kusa rufewa. Aka sake yin oda, doguwa. Sannan muryar Sambo ta ratso zaure.

"Auta, in jira ko in wuce?"